Tsohuwar Mota Ba Gwangwan Ba Ce

A gidanmu na Kawo akwai tsohuwar Peugeot 504 da kaji ke kwana ƙarƙashinta. Da na zo hutu, na tarar Baba yana cinikinta da 'yan gwangwan. Na roƙe shi ya dakata.

Dalili kuwa, irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri. Tun 2003 ake tseren tsofaffin motoci a Kenya. Masu sha'awa kan gyara nasu, su kai su can a jirgin ruwa, su yi kwanaki suna fafatawa cikin ƙura da taɓo. Juriyar mota da gwanintar makaniki ake gwadawa.

Iyayenmu, ku yi tunani kafin ku sayar. Baba dai ya ɗaga mini zuwa hutu mai zuwa.