Yadda Za Ka Gane Rabon Juyin Giya Ba Tare Da Kwance Ta Ba

Malam manomi, bayan kaka mutane da yawa sukan shiga Kaduna da kuɗin amfanin gona don sayen injin sussuka, injin niƙa, ko kayan gyaran a-kori-kura. Wasu su nufi Babbar Kasuwa, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da shagunan da ke kewaye da ita, wasu kuma su nufi Panteka wajen kayan hannu. Sau da yawa mutum yakan sayi akwatin giya ko aksul na baya, ya kai gida, a ɗaura, sannan a ga bai dace ba. Kuɗi sun tafi, mai kaya kuwa ba ya karɓar abin da aka kwance. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka gwada kaya tun a kasuwa, da guntun alli kawai.

MENE NE RABON JUYI?

Kowace giya tana da sanda biyu: wadda ƙarfin inji yake shiga ta cikinta, da wadda yake fita. Rabon juyi shi ne sau nawa ta shiga take juyawa kafin ta fita ta juya sau ɗaya. In ta shiga ta juya sau 6, ta fita sau 1, rabon shi ne 6 da 1, ana rubuta shi 6:1.

Ka riƙe wannan: babbar lamba tana ba da ƙarfi amma gudu kaɗan. Ƙaramar lamba tana ba da gudu amma ƙarfi kaɗan. Kamar keke ne, giyar hawa tudu daban, ta gudu a fili daban.

1. GWAJIN AKWATIN GIYA

(a) Ka aje akwatin a ƙasa, ka sa shi a giyar da kake so ka gwada.
(b) Ka yi alama da alli a kan sandunan biyu, ka yi wata a jikin akwatin daidai da kowacce.
(c) Ka riƙa juya sandar shiga kana ƙirgawa, wani kuma yana ƙirga ta fita.
(d) In ta fita ta cika 10, ku tsaya. Ka raba naka lissafin gida 10.

Misali: ka ƙirga 36, ka raba gida 10, rabon ya zama 3.6:1. A yawancin tsofaffin motoci masu giya huɗu, ta huɗu 1:1 ce, sandunan biyu suna tafiya tare. Ka gwada kowace giya har ta baya. In ka ji sanda tana cijewa ko tana ƙara, akwai matsala a ciki, kada ka biya.

Giyar otomatik ba ta gwaduwa ta wannan hanya. Ita sai mai ya matsa a cikinta giyoyin suke kamawa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai inji yana aiki. Ka nemi ɗan faifan ƙarfe ko lambar da aka buga a jikinta, ka kwatanta da ta tsohuwar taka kafin ka saya.

2. GWAJIN AKSUL NA BAYA

In aksul yana jikin mota:
(a) Ka tsayar da motar a wuri mai tauri, ka kashe inji, ka tokare tayoyin gaba da duwatsu.
(b) Ka sa giya a firi, ka saki birkin hannu.
(c) Ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ka ƙara tokara da gungumen itace. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.
(d) Ka yi alama a taya da kuma farfela.
(e) Ka juya taya sau 20, wani yana ƙirga juyin farfela. Ka raba lissafinsa gida 10.

Me ya sa 20 ba 10 ba? Domin in taya ɗaya tana tsaye, haƙoran da ke cikin tulun aksul sukan ninka juyin ɗayar. Juyi biyu na taya ɗaya daidai yake da juyi ɗaya na tayoyin biyu tare.

In aksul yana ƙasa a shago, wani ya riƙe kai ɗaya kada ya motsa, ka juya ɗayan, a ƙirga juyin bakin da ake ɗaura farfela. Lissafin ɗaya ne.

Ka kuma goge tulun da tsumma ka duba. Wani lokaci akan buga lamba kamar 9x37. Ma'anarta ƙaramin haƙori yana da 9, babban yana da 37. Ka raba 37 gida 9, ya ba ka 4.11.

Wanne ya dace da kai? In aikinka ɗaukar buhunan masara da taki a hanyar ƙauye ne, aksul mai kamar 4.9 ya fi jan kaya, sai dai ya fi shan mai a doguwar tafiya. Mai kamar 3.9 ya fi gudu a kwalta, amma da kaya zai wahalar da kuloci da inji a tudu. In motarka mai jan taya huɗu ce, dole rabon gaba da na baya su zama ɗaya, in ba haka ba haƙora za su lalace.

3. GWAJIN FULI DA BEL

Nan ba a buƙatar juyi, tef ɗin awo ya isa. Ka auna faɗin fulin inji da na na'urar. Ƙananan injinan fetur na gona yawanci suna juyawa kamar sau 3,600 a minti ɗaya. A ce an rubuta a jikin injin sussukarka juyi 600. To 3,600 a raba da 600 ya ba da 6, wato fulin na'urar ya zama ninki shida na fulin inji: inci 3 da inci 18.

In aka ba ka mai inci 12, juyin zai kai 900, hatsi ya riƙa farfashewa, wanda ka ware don iri ya ƙi tsirowa da kyau. In kuwa fulin ya yi girma da yawa, juyi ya ragu, ƙwaya ta riƙa fita tare da ƙaiƙayi. Injin dizal sau da yawa ba ya kai wannan gudun, saboda haka in ka sauya inji, ka sake lissafin fuli. Mai sarƙa kuwa, haƙoran babban faifai da na ƙarami za ka ƙirga, ka raba.

KA TUNA

* Ka gwada tsohon kayanka a gida, ka rubuta lambarsa kafin ka tashi.
* Ka tafi da alli, tef ɗin awo, da wanda zai taya ka ƙirga.
* Ka maimaita gwaji sau biyu.
* Kada ka taɓa bel ko sanda inji yana aiki, kuma ka tattara rigarka.
* Ka yi gwaji a gaban mai kaya kafin kuɗi su fita daga hannunka.

In lissafin ya rikice maka, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko bakaniken da ka amince da shi. Allah ya sa albarka a noma.