Motar Da Aka Jingine A Gida: Ko Tana Bukatar Inshora?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, magidanta da dama a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, suka jingine motocinsu suka koma hawa Keke Napep. Wanda ya zaga unguwanni irin su Magami da Sabon Gari da Mayo Gwoi ba zai rasa ganin mota a zaure ko a gindin bishiya ba, an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta rufe ta. Tambayar da ke damun masu irin waɗannan motoci ita ce, ko wajibi ne mutum ya ci gaba da biyan kuɗin inshora a kan motar da ba ta fita ko ƙofar gida?

Asalin wannan al'amari yana cikin dokar inshorar motoci ta 1945, wadda ta fara aiki a 1950, kuma dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta, kafin a haɗe su cikin sabuwar dokar da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2025. Abin da aka hana tun farko shi ne mutum ya yi amfani da mota a kan hanya, ko ya bar wani ya yi, ba tare da inshorar da za ta biya diyya ga wanda aka yi wa ɓarna ba. Ke nan motar da ke kulle cikin gida ba ita aka nufa ba. Amma ranar da tayarta ta taka titi, ko da zuwa garejin makanike ne, to, hukuncin ya hau kanta. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasar nan.

A wasu ƙasashe abin ya fi haka tsanani. A Ingila, tun 2011, dole kowace mota ta kasance da inshora, sai fa idan mai ita ya sanar da hukuma cewa ya ɗauke ta daga hanya. A ƙasar Fotugal kuwa, wata mata ta daina tuƙi saboda rashin lafiya, ta ajiye motarta a farfajiyar gida babu inshora. A 2006 ɗanta ya ɗauke ta ba da izininta ba, ya yi haɗari, shi da mutum biyu suka rasu. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa motar da ke da rajista, kuma tana iya tafiya, wajibi ne a yi mata inshora ko da an jingine ta. Wannan hukunci ba ya aiki a Nijeriya, amma darasinsa a fili yake, domin gidaje da yawa ba su rasa yaro mai ƙaiƙayin hannu da ya san inda ake rataye makulli.

Sai dai ya kamata jama'a su fahimci cewa inshora iri-iri ce. Ƙaramar, wadda doka ta tilasta, hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida daga Janairu 2023, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3. Ba ta biyan mai mota ko kwabo a kan tasa motar. Akwai ta tsakiya, wadda ta haɗa da gobara da sata, sannan akwai cikakkiya. Ga motar da ke ajiye, waɗannan biyun su ne masu amfani, domin ɓarawo da wuta ba su tambayar ko mota tana tafiya.

Mutanen Jalingo kuwa suna da wani abin tsoro na daban, wato ruwa. Har yanzu ba a manta da ambaliyar Agustan 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai ta kuma ci rayuka masu yawa. Wanda gidansa ke kusa da kogin Lamurde ko Mayo Gwoi, ya kamata ya karanta takardarsa da kyau ya ga ko an ambaci ambaliya a ciki, domin ba kowace yarjejeniya ke ɗauke da ita ba.

Saboda haka, wanda motarsa ta tsufa, aka cire batir aka ɗora ta bisa bulo, yana iya barin inshorarta ta ƙare, muddin zai sabunta kafin ya fito da ita. Wanda tasa ke da daraja, ko ya saye ta da bashin banki, gara ya je kamfaninsa ya bayyana musu cewa ya jingine ta, ya nemi tsarin da ya dace. Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da kamfanonin takaful. Abin gudu kawai shi ne takardar jabu da ake saye a bakin tasha, wadda ba ta da rana sai ta kunya. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.