Danja, inda ba a gudun kuturu

Wanda ya fito daga Maraɗi ya nufi kudu, a kan titin da ke bi ta Ɗan Isa ya tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Katsina, ba zai yi nisa ba zai iske Danja. Ba Danjar jihar Katsina mai rake da tumatir ake nufi ba. Wannan ta Nijar ce, ƙauye kamar sauran ƙauyukan Katsinar Maraɗi, da gidajen ƙasa da rumbuna da gonakin gero da wake, da itatuwan gawo tsattsaye a tsakiyar gonaki. Sai dai sunanta ya kai inda girmanta bai kai ba. Tun 1956 akwai asibitin kutare a gefen garin, kuma shekara da shekaru, in aka ce wane yana jinya a Danja, ba sai an faɗi sunan ciwon ba.

Sai mutum ya tuna matsayin kuturu a ƙasar Hausa kafin ya gane nauyin wannan wuri. Ba a korar kutare daga gari kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe; suna da unguwarsu, suna da Sarkin Kutare, ana ba su sadaka a ƙofar masallaci da bakin kasuwa. Amma sadakar daga nesa ake jefa ta. Kwanonsa daban, tabarmarsa daban, kuma mai neman auren 'yarsa sai danginsa sun yi ta ja da baya. Ko karin maganar da ake yi, cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, tana nuna abin da ke zuciyar mai talla: ba ta so hannun ya shiga kwanonta, kuɗi ne kawai ya rufe mata baki. Mutum na iya jure yunwa da ciwo. Abin da ke karya shi shi ne ya shekara ashirin ba wanda ya miƙo masa hannu suka gaisa.

Mishan ɗin Kirista mai suna SIM ne ya buɗe asibitin. Tarihinsa kansa da kaburbura ya fara. Samari uku ne suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Bai haƙura ba. A 1924 mishan ɗin ya kafa zango a Damagaram, daga baya ya zo Tsibiri da Maraɗi, a 1950 ya buɗe asibitin Galmi, sannan Danja ta biyo baya. A ƙetaren iyaka kuwa, tun shekarun 1930 yake aikin kutare tare da hukumomin gargajiya a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato da Yadakunya ta Kano.

Me ya sa kutare? Kiristoci suna da amsa, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Bishara ta hannun Markus ta ba da labarin kuturun da ya durƙusa gaban Yesu yana roƙon tsarkakewa. Dokar Yahudawa ta lokacin ta ware irin wannan mutum daga jama'a. Yesu yana iya warkar da shi da magana kawai, amma sai ya miƙa hannu ya taɓa shi tukuna. Fastoci a ƙasar Hausa suna yawan tsayawa a kan wannan taɓawa in suna wa'azi, domin a nan suke ganin ma'anar ƙauna. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga labarin, tunda Alƙur'ani ya ambaci Annabi Isa yana warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Haka kuma haƙurin Ayuba, wanda jikinsa ya lalace bai saki Ubangijinsa ba, gadon kowa ne. Ma'aikacin jinya Kirista da majinyaci Musulmi suna iya zama a inuwa ɗaya su yi hirar Ayuba, kowa ya san inda aka dosa.

Ita kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma alhakin wani ne ya kama mutum ba. Ƙwayar cuta ce, wadda likita Gerhard Hansen ya gano a Norwe a 1873. Ba ta da saurin yaɗuwa, yawancin mutane jikinsu na kashe ta ba su ma sani ba, kuma takan yi shekara biyar ko fiye a jiki kafin ta nuna kanta. Farkonta tabo ne mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Ma'aikacin lafiya yakan sa mutum ya rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon ya ce, "Malam, ka ji?" In bai ji ba, an kama bakin zaren.

Abin da mutane suka daɗe ba su gane ba shi ne, cutar ba ta cinye yatsu da kanta. Jijiyoyin ji take kashewa. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, shi ya tabbatar da haka: mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu ba ta ji ƙuna ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni yana noma a kanta, gyambo ya ruɓa, ƙashi ya lalace. Saboda haka rabin jinyar kuturta ba allura ba ce. Aiki ne na kullum wanda ake koya wa majinyaci har ya zama masa jiki. Da safe ya zuba ruwa a roba ya jiƙa ƙafafunsa kamar rabin awa. Ya ɗauki dutsen goge kaushi ya kankare fatar da ta yi tauri, a hankali, don kada ya ji wa kansa ciwo bai sani ba. Ya shafa mai tun ƙafar na da laima, domin fatar da jijiyarta ta mutu ba ta gumi, tsagewa take yi. Sannan ya juya tafin ƙafar ya duba da ido, yatsa bayan yatsa, tunda idon ne ya gaji aikin da zafi yake yi a da. Mai dafa abinci ta naɗe hannun tukunya da tsumma. Mai zuwa gona ya sa takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa, ya zazzage shi kafin ya zura ƙafa. Wanda fatar idonsa ba ta rufuwa ya rufe ta da ƙyalle in zai kwanta.

Wanda ya fara koyar da wannan dole ya durƙusa ya riƙe ƙafar da hannunsa. A nan ne bangaskiyar da ake wa'azinta ranar Lahadi take zama abin da ido ke gani ranar Litinin. Kuma mutumin da aka riƙe ƙafarsa ba a yamutsa fuska ba, shi ne gobe yake zama a da'irar tsofaffin majinyata yana duba ƙafar sabon zuwa, yana yi masa faɗa in ya yi sakaci. Wanda a da ake ganin ba abin da zai iya sai bara, ga shi ya zama malamin wani.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magani uku, rifampicin da dapsone da clofazimine, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a ko'ina. Wata shida ga mai ƙaramar cuta, wata goma sha biyu ga mai babba. Fitsari yakan yi ja, fata takan yi duhu na ɗan lokaci, amma da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗa cutar. Har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa kusan 200,000 a duniya kowace shekara, to amma zaman shekaru a sansanin kutare ya wuce. Gadaje suka fara zama ba kowa.

Sai wasu waɗanda ake gudu suka zo suka cika su.

A Babbar Ruga abin ya fara. Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo a 1983 don aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula da su. Ya koma yi musu aiki, ya ɗinke dubbai, har wurin ya zama cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa a Nijeriya. Danja ta bi wannan sawu a 2012, lokacin da aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a harabar asibitin, da haɗin gwiwar SIM da asusun da likita Lewis Wall ya kafa. Shi Wall Ba'amurke ne da ya zauna a karkarar Katsina a shekarun 1970 yana nazarin maganin gargajiyar Hausawa kafin ya zama likitan mata.

Yoyon fitsari ciwon nisa ne da talauci. Naƙuda ta tsaya, kan jariri ya maƙale kwana biyu ko uku yana danne naman uwa a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Fiɗa a kan lokaci ita ce rigakafin, amma ina ɗakin fiɗar? A tuna da mace mai naƙuda a Fachi, garin gishiri da dabino a tsakiyar Tenere, wadda tsakaninta da Agadas akwai ɗaruruwan kilomita na rairayi. Ko a nan kudu, inda garuruwa ke kusa da juna, amalanke da jiran izinin maigida da kunyar haihuwar fari sukan cinye kwana guda. Ga auren wuri: alƙaluman UNICEF sun nuna kusan 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ga kuma yankan gishiri da wasu ungozomomi da wanzamai ke yi.

Mace mai wannan lalura tana wanke zane sau da yawa a yini, tana rage shan ruwa don ta rage zuba, tana zama a bakin tabarma in an taru. Abin da ya fi cin ran da yawansu shi ne sallah, domin suna ganin tsarkinsu ba ya tsayawa. A masaukin da suke jiran aiki ko warkewa, a karo na farko takan samu kanta cikin mata da ba wadda za ta toshe hanci. Ana koyon ɗinki da saƙa da karatu, ana kitso, ana daka. Bayan aiki kuwa, takan yi kamar mako biyu da robar fitsari, ana ta ba ta ruwa ta sha, kowa na jiran safiyar da za a duba shimfiɗa a iske ta a bushe. Kiristocin da ke wannan aiki suna da nasu labarin da ke riƙe su: matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wajen masu magani, ta kutsa cikin taro ta taɓa gefen rigar Yesu, shi kuma ya tsaya ya neme ta ya kira ta 'yarsa.

Ba kowace ce ke warkewa ba, kuma rufe wannan gaskiyar zalunci ne. Alison Heller, wadda ta yi bincike a cibiyoyin yoyon fitsari na Nijar, ta nuna cewa mata da yawa suna wata da watanni suna jira, wasu a yi musu aiki sau da dama ba su bushe ba. Ta kuma nuna cewa ba duka ne dangi ke yasarwa ba; akwai uwayen da ke tsaye kan 'ya'yansu, akwai mazan da ba su saki ba. Begen da ya dogara da nasarar fiɗa kaɗai ba zai ɗauki irin waɗannan mata ba. Wanda zai ɗauke su shi ne wanda ke cewa darajar mutum ba ta ragu ba ko ya warke ko bai warke ba, kuma wannan ne ainihin abin da bangaskiyar Kirista ke da'awa.

Akwai tambayar da ba a rasa yi: ba da magani ake sayen addinin mutane ba? Tarihi ya nuna cewa daga sansanonin kutare ne wasu daga cikin Hausawan farko suka karɓi Kiristanci, kuma zargin bai taɓa mutuwa ba. Duk inda aka sa wa mai ciwo sharaɗin addini kafin a ba shi magani, an ci amanar maganin da addinin gaba ɗaya. Amma abin da ke zahiri shi ne, mafi yawan masu zuwa Danja Musulmi ne, kuma Musulmi suke komawa gida. Kiristoci a Nijar 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma sun ɗanɗana wuya: a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Duk da haka ba su janye hannu daga jinyar maƙwabtansu ba. Wannan ya cancanci a yaba, kamar yadda ya cancanci a yaba wa Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu a waɗancan kwanaki.

Mai karatu, in ka ga tabo mai haske a jikinka ko jikin ɗanka, wanda ba ya jin taɓi, kada ka ɓoye shi a ƙarƙashin riga, kada ka ɓata shekara wajen turare da jiƙo. Ka je asibiti mafi kusa, maganin kyauta ne, kuma wanda ya fara da wuri galibi ba ya rasa ko yatsa ɗaya. In kuma akwai mai naƙuda a gidanka, kada ka bari rana ta fito mata sau biyu tana kan gwiwa. Ka nemo mota tun a ta farko.