Zawon ƴaƴan kyanwa: in ya wuce kwana ɗaya, a nemi likitan dabbobi

A gidajenmu da yawa kyanwa ce mai gadin rumbu da ɗakin ajiya, amma in ta haihu ba kasafai ake duba lafiyar ƴaƴanta ba. Sai a wayi gari a ga ɗaya ya kwanta lamo, gindinsa duk kashi, kwana biyu ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Alhali sau da yawa zawo ne ya kashe shi, kuma da an yi hanzari da an cece shi.

Ana haihuwar ɗan kyanwa da nauyin kimanin giram 100 kacal. Ruwan da ke jikinsa kaɗan ne, don haka zawon da babbar kyanwa za ta jure, shi cikin sa'o'i yake busar da shi, balle a lokacin bazara.

Wani zawon mu ne ke jawo shi da hannunmu. In uwar ta mutu ko ta gudu, sai a zuba wa ƴaƴan nonon shanu ko madarar gari don tausayi. Cikinsu ba ya narkar da wannan madara yadda ya kamata, sai ta ɓarke da su. Haka ma ragowar tuwo da miya mai yaji, ko yaye su tun ba su kai mako 4 ba.

Sai tsutsar ciki, wadda suke sha tun daga nonon uwarsu. Alamarta kumburin ciki da rama. Likitoci kan fara ba su maganinta tun suna mako 3. Mafi muni kuwa shi ne ciwon da ake kira panlekofeniya, mai haɗa zawo da amai da zazzaɓi, wanda kan share ƴaƴa duka a ƴan kwanaki. Ƙwayar cutar tana iya shekara guda a wuri ba ta mutu ba, amma akwai allurar rigakafinta da ake farawa daga mako 6 zuwa 8.

To, yaushe za a je wurin likita? In zawon ya wuce sa'a 24, kada a ƙara jira. In kuwa akwai jini a kashin, ko amai, ko ya ƙi tsotso, ko dasashinsa ya bushe, ko idanunsa sun faɗa, ko jikinsa ya yi sanyi, to a ranar za a kai shi, ba sai gobe ba. A tafi da ɗan kashin a leda don a auna, a kuma ware shi daga ƴan uwansa, a naɗe shi da tsumma, a ajiye masa ruwa mai tsabta.

Babban gargaɗi shi ne kada a ba shi maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin tsai da zawo na masu talla a kasuwa shi ma haɗari ne.

Wannan magana ta shafi lafiyar iyali ma, domin ƙwan tsutsar da ke cikin kashin kyanwa yana iya shiga jikin yara masu wasa da ƙasa. A riƙa kwashe kashin a binne, a wanke hannu da sabulu, mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aiki.

Dabbar da ke tsare mana hatsi tana da hakki a kanmu. Allah Ya sa mu kiyaye.