Ramukan bayan tsohuwar kwamfuta

Duk wanda ya leƙa bayan tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ke shagunan buga takardu a Dutse, zai ga ramuka iri-iri da ƙura ta toshe. Kowanne da tarihinsa.

Zagayayyun nan guda biyu su ne PS/2, kamfanin IBM ya fito da su a 1987. Mai launin shunayya na kibod ne, koren na linzami. In ka zare ka mayar kwamfuta na kunne, sau da yawa sai an sake tayar da ita kafin ta gane shi.

Dogon nan mai ramuka 25 na firinta ne. USB da ya zo a 1996 shi ya tura shi ritaya. Shuɗin VGA mai ramuka 15 kuwa ya ƙi mutuwa, har gobe da shi ake haɗa majigi a ɗakunan taro.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne modem, mai ƙananan ramuka biyu na wayar tarho. Kafin ya shiga intanet sai ya buga lamba, ya yi ta ƙara da tsuwa, wato yana daidaita magana da na'urar can ɗaya ɓangaren. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, ke nan gigabait ɗaya da matashi ke cinyewa da yamma zai ɗauki kusan awa 40. Wani ya ɗaga kan tarho a gidan? Layi ya yanke. Akwai ma siririn gurbi a jikin babban allon ciki, AMR, da Intel ya ƙirƙiro a 1998 don modem mai araha, ba a jima ba aka watsar da shi.

A nan Jigawa modem ɗin bai samu aiki sosai ba, domin gida nawa ne ke da layin NITEL? An ƙirƙiro jihar a 1991, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta tauraron ɗan'adam aka nemi intanet, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure.

Amma kalmomin umarni na AT da kamfanin Hayes ya tsara wa modem a 1981 suna nan, da su kwamfuta ke magana da ƙaramin modem mai layin MTN ko Glo.