Daga Adaka Zuwa Kalashnikof: Wa Dokar Bindiga Take Karewa a Tasawa da Mayahi?

A garin Maijirgi, gabas da Tasawa a kan hanyar Damagaram, akwai kaburburan hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu suka bindige a tsakiyar watan Yulin 1899. Kafin nan da kwana biyu zuwa uku, ran 14 ga wata, Voulet ya sa aka buɗe wa Kanar Klobb wuta a Dankori, mutumin da hukumarsu ta aiko ya karɓe ragamar ayarin sojansu saboda labarin ta'asar da suke tafkawa ya isa Faransa. Ayarin ya baro bakin kogin Kwara a farkon shekarar, ya ƙone Lugu garin Sarauniya, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu, sannan ya faɗo ƙasar Tasawa. Masu riƙe da makamai a cikinsa 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma sun keta garuruwa masu ganuwa da barade da 'yan baka. Ba jarumtaka suka fi kowa ba. Bindigarsu ce ake cika ta ta baya cikin ƙiftawar ido, ta kuma kai harsashi inda kibiya ba ta zuwa. Wannan rata tsakanin bindigar mai mulki da ta wanda ake mulka ita ce gishiƙin dokar makamai da muka gada, kuma ina ganin har gobe ita ce babbar nakasarta.

Kada a ɗauka Bature ne ya fara kawo bindiga ƙasar nan. Tasawa zango ce a kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Azbin zuwa Katsina da Kano, kuma tun ƙarni na 19 bindigogi da albarushi suna ratso Sahara daga Tarabulus. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, har maƙeransa suna zuba igwa a Zindar. Sai dai a wancan zamani bindiga kayan fada ce. Sarki ke sayen ta, ya danƙa ta ga bayinsa da ake kira 'yan bindiga, ya kulle albarushi a gidansa. Talaka kuwa kwari da baka gare shi, da mashi da gora, mai hali ya ƙara da takobi. Ke nan taƙaita bindiga tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: sarki ba ya son ƙarfin da ya fi nasa ya kwana a wani gida.

Abin da Turawa suka yi shi ne mayar da wannan dabara rubutacciyar doka ta nahiya guda. Ran 2 ga Yulin 1890 suka sa hannu a kan yarjejeniyar Burusal, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Ta shata wani yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa na 22 a kudu, har da tsibiran da ke cikin mil 100 daga gaɓa, kuma Tasawa da Mayahi suna tsakiyarsa. A cikin wannan yanki aka raba bindiga gida biyu. Ta zamani, mai zare a cikin bututu kuma mai cin harsashi, ma'ajiyar hukuma ce mazauninta. Ba ta fita sai ga wanda hukuma ta amince da shi, a buga mata lamba, a rubuta ta a littafi, a ba shi takardar izini ta shekara biyar. Tsohuwar adaka mai ƙanƙara da albarushin kasuwa su ne aka yarda a sayar wa baƙar fata. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta sabunta tsarin, dokar Faransa ta 4 ga Afrilun 1925 kuma ta shimfiɗa shi a yankunanta na Afirka ta Yamma a kan wannan rabo ɗin dai. A aikace, kwamandan da ke zaune a Tasawa, kafin a mayar da hedikwatar yankin Maraɗi a 1927, shi ne mai cewa wane ya cancanta. Waɗanda suka cancanta kuwa sanannu ne: sarakunan kanto, tsofaffin sojoji, ma'aikatan Bature, da attajiran da ba a jin tsoronsu.

Wani zai ce ai wannan hani ya yi rana, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Hare-haren da ake kai wa juna tsakanin Maraɗi da Katsina da Damagaram sun tsaya, manoma sun fito daga bayan ganuwa sun sari daji, ƙauyuka da dama na arewacin Tasawa da na Mayahi a wannan lokaci suka kafu ko suka bunƙasa. Amma lafiyar ta zo ne domin ƙarfi ya tattaru a hannu ɗaya, hannun da ke karɓar haraji da aikin tilas, ba domin an tambayi talaka abin da zai tsare shi ba. Bayan 'yancin kai ma ba a sake wannan tambaya ba. Dokar gwamnatin Diori Hamani mai lamba 63-074, ta 23 ga Afrilun 1963, ta ɗora izinin mallaka da shigowa da cinikin bindiga a hannun hukumar cikin gida, a lokacin da babban abin da ke hana gwamnati barci shi ne jam'iyyar Sawaba da aka haramta tun 1959. Makaman yaƙi na soja ne kaɗai. Farar hula sai bindigar farauta ko ta kare kai, ita ma da takarda. A takarda tsari ne mai ma'ana. Matsalar ita ce an gina shi don mutumin birni mai katin shaida da kuɗin hatimi da wanda zai tsaya masa a ofis.

A dubi wanda dokar take iya kamawa a yau. Maharbi ne a wani ƙauye na Gulbin Kaba, da bindigar da maƙerin garinsu ya haɗa masa da bututun ƙarfe da guntun itace. Kafin ya yi harbi ɗaya sai ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba dalma, ya sake dannawa. In damina ce albarushin ya ji sanyi, ta ƙi tashi, in kuma ya cika mata ciki ta fashe masa a hannu. Da ita yake korar dila daga garke, da ita ake buɗe wuta ran hawan salla ko naɗin sarauta. Kowa ya san shi, ya san maƙerinsa, jandarma ba ya buƙatar bincike kafin ya same shi. A ɗaya gefen akwai kalashnikof mai cin harsashi 30 a gida ɗaya, wadda ke kashe mutum daga nisan mita 300, ana kwance ta a cusa cikin buhun gero a ɗaure a bayan babur. Mai ita ba ya zuwa ofis, ba shi da adireshi, bai taɓa tunanin neman izini ba. Dokar da ta sa waɗannan biyu a layi ɗaya na masu makami ba bisa ƙa'ida ba, ƙarshenta ta huce a kan na farko, domin shi ne a kusa.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata baki ne, wai dokar bindiga ba ta ci sai a tsibiri, inda teku ya zama ganuwa kuma kaya ba sa shiga sai ta tashar jirgi. Hujjarsu tana da nauyi. Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogin hannu a 1997, bayan wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a shekarar da ta gabata. Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur da ke tsibirin Tasmaniya a 1996, ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Mu kuwa iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a wajen Hawan Dawaki da Korgom gona ce ke haɗe da gona, dangi a nan dangi a can. Ta arewa ga Libiya, wadda rumbunan makamanta suka watse a 2011. Amma in teku ne magani, me za a ce da Jamaika? Tsibiri ce, ta kafa kotun bindiga ta musamman tun 1974 da hukunci mai tsanani, duk da haka ta daɗe cikin ƙasashen da aka fi kisan kai a duniya, kuma da bindiga ake yin mafi yawansa. Abin da ya raba ta da Birtaniya shi ne ko mutane sun yarda cewa in sun ajiye makami akwai wanda zai amsa kiransu da dare. Teku yana rage shigowar kaya, amma ba ya rage bukatarsu, kuma inda bukata take, fatake ba sa rasa hanya.

Mun ga shaidar haka a cikin gida. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, ana tsakiyar tawayen arewa. Ba sumame ne ya fito da bindigogin ba. Sulhun 24 ga Afrilun 1995 ne da alkawuran da suka biyo baya, har aka kai ga ƙona makamai fiye da dubu a Agadas ran 25 ga Satumban 2000. Mutanen da suka fi kowa sanin darajar bindiga sun miƙa ta da hannunsu sa'ad da suka ga abin da za su samu a madadinta.

To, in haka ne, me zai hana a sakar wa kowa mara ya nemi tasa? Wannan ita ce muhawarar da ta fi zafi, kuma ba na raina masu yin ta. Wanda ya ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, ya kuma ga dubban 'yan gudun hijira da suka kwararo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, ba zai yi mamakin magidancin da ya ce gara ya mutu da makami a hannu ba. Sai dai an gwada wannan hanya, kuma sakamakonta a bayyane yake. A Zamfara, 'yan sa-kai sun tashi don kare garuruwa, amma kashe-kashen da aka yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba suna cikin abin da ya mayar da satar shanu yaƙin ramuwa. Har gwamnatin jihar ta kai ga kiran jama'a su nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022, lafiya ba ta samu ba. A Banibangu ta jihar Tilaberi, a watan Nuwamban 2021, 'yan sintirin gari sun fita neman maharan da suka addabe su, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da magajin garin. Manomi mai bindigar gida ba ya iya ja da mai kalashnikof. In kuma aka ba shi kalashnikof ɗin, ba za ta koma rumbu ba bayan ɓarayi sun tafi. Za ta jira rikicin kaka, ran da shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da ɗari a watan Oktoban 1991, tun makaman yaƙi ba su yawaita ba. A Mayahi, inda burtalai ke ratsa gonaki zuwa arewa, wannan ba hasashe ba ne.

Abin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne doka ta daina auna mutum da kusancinsa da ofis, ta koma auna makami da ɓarnar da zai iya yi. Makamin yaƙi ya ci gaba da zama haram ga farar hula, ba sani ba sabo, a kuma tsananta ƙidaya da lamba a ma'ajiyar jami'an tsaro, domin bindigar da aka ƙwace a barikin da aka kai wa hari ko harsashin da ya zurare ta bayan gida duk a daji suke ƙarewa. Bindigar gida kuwa a fito da ita fili. A rubuta maƙeran da ke ƙera ta, kowane da alamarsa da zai buga a jikin ƙarfe, a rubuta mai ita a ofishin magajin gari ta hannun mai gari da sarkin maƙera da shugaban maharba, da kuɗi kaɗan ko kyauta. Ba sabon tunani ba ne: yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 14 ga Yunin 2006 ta riga ta nemi a yi rajistar masu ƙera makamai na gida. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma ficewar ba ta hana ta ɗaukar abin da ke da amfani ta sa a dokarta.

Na san abin da maharbi zai ce: yau a rubuta sunana, gobe a zo a ƙwace. Tsoronsa yana da tushe, tun zamanin kwamandan littafin hukuma bai cika zuwa da alheri ba, shekaru da dama kuma farauta a rufe take kafin dokar 29 ga Afrilun 1998 ta sake tsara ta. Shi ya sa rajistar ba za ta yiwu ba sai da afuwa a rubuce ga duk wanda ya kawo tasa da kansa, da takarda da jandarma zai gani a kan hanya ya ƙyale shi. Ribar hukuma a nan babba ce. Maharba da maƙera su ne suka san daji, su ne ke fara jin an zo neman gyaran bindigar da ba ta gida ba, ko an ga baƙin babura a wata fadama. Muddin doka tana kallonsu a matsayin masu laifi, bakinsu a rufe zai kasance. Tasawa da Mayahi ba su shiga halin da kudu maso yammacin jihar Maraɗi ya shiga ba, kuma irin wannan aiki a lokacin kwanciyar hankali ake iya yin sa, domin garin da aka riga aka kai wa hari ba ya nuna wa kowa inda ya ɓoye makaminsa. Sauran aikin yana kan iyaka: sai hukumomin Maraɗi da na Katsina sun ci gaba da musayar labari a kan dillalan harsashi, ko da dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami, tunda ɗan fasa-ƙwaurin da aka kora daga wannan kasuwa mako mai zuwa a kasuwar ƙetare zai shimfiɗa kayansa.