Starlink a Nijar: Ko Zai Kai Ga Talakan Maijirgi?

A Maijirgi, kan babbar hanyar Tasawa zuwa Damagaram, wayar salula ce ke riƙe zumunci tsakanin gida da 'yan ci-rani, ta saƙon murya a WhatsApp da kiran bidiyo. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms ne suka daɗe da kasuwar.

A watan Maris na 2025 Starlink na Elon Musk ya fara aiki a Nijar a hukumance. Intanet ɗinsa daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, babu ruwansa da eriyar kamfani.

Sai dai na'urar tana son lantarki ko sola, kuɗin wata kuma ya yi wa manomin gero nauyi. Mafita mafi kusa ita ce maƙwabta su haɗa kuɗi, su raba wifi.